Kula da yaro mai ciwon daji a gida

Kula da yaro mai ciwon daji a gida ita ce hidimar da iyaye ke yi wa yaro mai sankara a tsakanin ranakun zuwa asibiti. Magani yakan ɗauki watanni, na sankarar jini ma yakan kai shekara biyu, kuma yawancin wannan lokaci a gida yaron yake. Shi ya sa ake koya wa iyaye alamomin haɗari kafin a sallame su.

Yawan cutar

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yara da matasa kusan 400,000 ke kamuwa da sankara duk shekara. Fiye da kashi 80 cikin 100 na warkewa a ƙasashe masu arziki, amma a yawancin ƙasashe masu tasowa ba sa kai kashi 30. Dalilan sun haɗa da jinkirin gano cutar da barin magani a tsakiya. A 2018 hukumar ta ƙaddamar da shirin kai adadin masu tsira zuwa kashi 60 nan da 2030.

Abubuwan da ake koyarwa

Magungunan sankara suna rage fararen ƙwayoyin jini masu kare jiki, don haka ƙaramin ciwo kan zama babba cikin sa'o'i. Ana koya wa iyaye amfani da ma'aunin zafin jiki. Idan zafin ya kai 38, a tafi asibiti nan take, ko da dare ne, kada a tsaya sayen magani a kemis. Haka ma idan aka ga haɓo, jini a dasashi, yawan amai ko wahalar numfashi. Ba a ba yaron asfirin, domin yana ƙara zubar jini.

Sauran sun haɗa da wanke hannu da sabulu, tafasa ruwan sha, dafaffen abinci kaɗan-kaɗan, kwana a gidan sauro, da nesanta yaron daga masu ƙyanda ko ƙaranbau. Sankara ba ta yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, saboda haka babu dalilin ware shi daga 'yan'uwansa masu lafiya.

A Jihar Kano

Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988, yana cikin cibiyoyin da ake tura irin waɗannan yara. Iyalan karkara, irin na Durba a Ƙaramar Hukumar Kibiya, suna nesa da birni. Yana da kyau su tanadi abin hawa da katin asibitin yaron, su kuma san asibiti mafi kusa, kamar Babban Asibitin Rano. Sacewar kumburi ba warkewa ba ce: idan aka bar magani kafin wa'adinsa, cutar takan dawo, kuma ta fi wuyar magancewa.