Abubuwan da Ya Kamata Ka Sani Kafin Shiga Jami'a: Daga Sabon Birni da Isa Zuwa Dundaye

Duk shekara, da zarar an fara fitar da sunayen waɗanda suka samu gurbin karatu, tambayoyi kusan iri ɗaya ke yawo a gidajen Sabon Birni da Isa, da garuruwa irin su Gatawa da Bafarawa. Nawa za a biya? Ina yaro zai kwana? Wace takarda za a tafi da ita? Da yawa daga cikin waɗannan ɗalibai su ne na farko da za su shiga jami'a a gidajensu, saboda haka ba su da wa ko ya da za su tambaya. Bayanin da ke biye ya ɗauki Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato a matsayin misali, domin ita ce babbar jami'ar tarayya da 'yan yankin suka fi nufa.

Wace irin makaranta ce jami'a?

An kafa wannan jami'a a 1975 da sunan Jami'ar Sakkwato, aka fara ɗaukar darasi a 1977, sannan a 1988 aka sa mata sunan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Babban mazauninta yana bayan gari, wajen Dundaye, akwai kuma wani mazaunin a cikin birni, ga asibitin koyarwa inda ɗaliban likitanci ke samun horo. Bagobirin Sabon Birni ko Isa ba baƙo ba ne ga sunan: a Maratta cikin ƙasar Gobir aka haifi Shehu a 1754. Gulbin Rima da ɗalibi ya baro a gida, shi ne dai zai sake tsallakawa a gadar Kwalkwalawa kafin ya shiga makaranta.

Jami'a ta kasu tsangaya-tsangaya, kamar ta noma, ta shari'a, ta kimiyya da ta ilimi, kowace tsangaya kuma tana da sassa. Sashe shi ne gidan ɗalibi: can fayil ɗinsa yake, can ake haɗa sakamakonsa. Shekarar karatu ta kasu gida biyu, kowane ana kiransa simesta, wato zangon karatu na kimanin wata huɗu. Yawancin digiri shekara huɗu ne, shari'a da noma biyar, likitanci shida.

Babban abin da ya raba jami'a da sakandare shi ne, nan ba a kaɗa ƙararrawa, ba mai bin ɗalibi da bulala. Malami zai shigo ya yi lacca ya fita, ko ɗalibi ya zo ko bai zo ba. Sanarwa tana kan allo ko shafin intanet na makaranta, wanda bai duba ba kuwa, ba a karɓar uzurinsa. Galibin waɗanda ke tuntuɓe a shekarar farko ba rashin kai ne ke kayar da su ba, rashin sanin wannan ne.

Yadda gurbi ke tabbata

Hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, ita ke shirya jarrabawar shiga jami'a. Ana rubuta darussa huɗu a kwamfuta, Turanci na ciki dole, jimillar maki 400. Bayan haka jami'a tana yin tata tantancewar. Ana kuma buƙatar kiredit biyar a jarrabawar kammala sakandare, cikinsu har da Turanci da Lissafi ga yawancin fannoni, a zama ɗaya ko biyu. Mai takardar NCE ko difloma yana iya neman shiga kai tsaye zuwa aji biyu.

A jami'o'in tarayya ana raba gurabe kashi uku: kashi 45 cikin ɗari bisa cancantar maki, 35 ga jihohin da ke kewaye da jami'a, 20 ga jihohin da aka lissafa a matsayin masu ƙarancin ilimin boko. Jihar Sakkwato tana cikin rukuni na biyu da na uku, don haka ɗan Isa ko Sabon Birni yana da ƙofa fiye da ɗaya. Amma tsarin bai ɗauke wa kowa neman maki ba, musamman a likitanci da shari'a inda masu nema suka yi wa gurabe yawa.

Tun 2017 gurbi ba ya tabbata sai ta manhajar JAMB da ake kira CAPS. Jami'a ce ke miƙa sunan ɗalibi, JAMB ta amince, sannan ɗalibi ya shiga da kansa ya danna alamar karɓa, ya buga takardar shaidar samun gurbi. Gurbin da bai bi ta nan ba yana iya hana mutum tafiya hidimar ƙasa bayan ya gama. A nan akwai abin lura ga 'yan yankin: duk saƙon JAMB yana bin layin wayar da aka yi rajista da shi. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 na jihar saboda matsalar tsaro, ciki har da waɗannan biyu, ko yanzu ma akwai ƙauyukan da sabis ke wuya. Ya kamata layin ya zama na ɗalibin ne, ba na mai shagon kwamfuta ba, kuma ya riƙa duba shafinsa a kai a kai.

Takardu da rajista

Ranar tantance takardu za ka ga sababbin ɗalibai a layi, kowa rungume da fayil, ana bin takardu ɗaya bayan ɗaya: sakamakon sakandare, takardun JAMB, takardar haihuwa ko ta rantsuwar shekaru, takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma, da hotunan fasfo. Takardar asali a sakatariyar ƙaramar hukuma ake karɓarta, saboda haka a nema tun ana gida. Mantuwa da ita na nufin komawa Isa ko Sabon Birni, da kuɗin mota zuwa da dawowa.

Abin da ya fi ɓata wa mutane lokaci shi ne saɓanin suna. Al'adarmu ta sa sunan gari a ƙarshen suna tana da kyau, amma kwamfuta ba ta san cewa Muhammadu da Mohammed mutum ɗaya ba ne, ko cewa S/Birni shi ne Sabon Birni. Idan takardar sakandare ta ce wani abu, lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN ta ce wani, asusun banki ya ce na uku, to matsalar za ta bi ɗalibi har ranar da za a rubuta masa shaidar digiri. Haka ma ranar haihuwa. Gyara tun kafin a shiga ya fi sauƙi da arha.

Kuɗin makaranta ba a hannu ake biya ba. Ɗalibi zai ciro lambar biya ta Remita daga shafin jami'a, ya biya a banki ko ta waya, ya adana rasit. Duk wanda ya ce a tura kuɗin rajista ko na gurbi zuwa asusunsa na kansa, a guje shi. Bayan biya sai rajistar darussa, a buga takardar, jami'in da ke kula da ajin ya sa hannu. Darasin da ba a yi wa rajista ba, ko an rubuta jarrabawarsa ba ya shiga lissafi.

Kuɗi

Adadin kuɗin rajista yana canzawa daga shekara zuwa shekara, ya kuma bambanta tsakanin fannoni, don haka shafin jami'a kaɗai ne abin dogaro. Abin da iyaye kan manta shi ne kuɗin yau da kullum: mota, abinci, kwafin takardu, data, sabulu. Idan aka tara su a shekara sukan zarce kuɗin rajistar.

Tun 2024 akwai asusun lamunin karatu na tarayya, NELFUND. Yana biya wa ɗalibi kuɗin makaranta kai tsaye, ya kuma ba wanda ya nema naira 20,000 a wata. Babu ruwa a kan bashin, ana fara biya shekara biyu bayan kammala hidimar ƙasa. Ga iyalin da rashin tsaro ya raba da gonarsu ko dabbobinsu, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne, sai dai a tuna bashi ne, ba kyauta ba. Jihar Sakkwato ma tana da hukumar ba da tallafin karatu ga 'yan asalin jiha.

Masauki da abinci

Ɗakunan kwana na cikin makaranta, irin su na Jibril Aminu na maza da na Nana Asma'u na mata, ba sa isar kowa. Wanda ya gama rajista da wuri ya fi samun dama. Sauran sukan kama haya a ƙauyukan da ke kewaye, ko su zauna cikin gari wajen dangi suna hawa mota kullum daga tashar Dandima. Zaman gari yana da sauƙin abinci, amma laccar ƙarfe takwas na safe ba ta jiran wanda ke layin mota. Ga ɗiya mace da ke shekarar farko, ɗakin cikin makaranta ya fi kwanciyar hankali.

Jami'a ba ta ciyar da ɗalibai. Akwai masu sayar da abinci, amma yawanci ɗalibai girki suke yi da kansu, su biyu ko uku su haɗa tukunya. Guzurin da ya fi amfani shi ne wanda ba ya lalacewa: shinkafa da wake, garin kwaki, ƙuli-ƙuli, yaji, kuka, daddawa, da garin kunu. A haɗa da bokiti, jarka, gidan sauro, fitila mai caji da kwado mai kyau. Zafin Maris zuwa Mayu yakan haura digiri 40, wannan kuwa ba sabon abu ba ne ga mutumin Gobir. Akwai asibitin makaranta, kuma yin rajista da shi tun ana lafiya ya fi neman kati ranar da zazzaɓi ya kama mutum.

Yadda ake auna ƙoƙari

Wannan shi ne sashen da ya fi cancantar a karanta sau biyu. Kowane darasi yana da nauyi da ake kira yunit, galibi biyu ko uku. Makinsa ɗari ne, an raba tsakanin gwaje-gwajen cikin zango da babbar jarrabawa, wadda ke ɗauke da kaso mafi girma. A tsarin da jami'o'in Nijeriya suka fi bi, maki 70 zuwa sama A ne mai daraja 5, 60 zuwa 69 B mai 4, 50 zuwa 59 C mai 3, 45 zuwa 49 D mai 2, 40 zuwa 44 E mai 1. Ƙasa da 40 faɗuwa ce, darajarta sifili.

Ana ninka darajar da yunit, a tara, a raba da jimillar yunit. A ɗauki ɗalibin da ya samu A a darasi mai yunit uku, wato 15, da C a mai yunit biyu, wato 6, ya faɗi wani mai yunit uku. Jimilla 21, a raba da 8, ya tashi da 2.63. Da C ya samu a darasin da ya faɗi, da ya tashi da 3.75. Faɗuwa ɗaya ta sauko da shi daga wani matsayi zuwa na ƙasa.

Matsakaicin da ake tarawa tun daga zangon farko shi ake kira CGPA, shi ne kuma ke yanke darajar digiri: 4.50 zuwa sama daraja ta ɗaya, 3.50 zuwa 4.49 ta biyu babba, 2.40 zuwa 3.49 ta biyu ƙarama, 1.50 zuwa 2.39 ta uku. Darasin da aka faɗi sai an maimaita shi, abin da ɗalibai ke kira kariyoba, kuma sifilin farko ba ya goguwa daga lissafi. Tunda tarawa ake yi, ramin da aka haƙa a aji ɗaya da wuya a cike shi a aji huɗu. Wanda makinsa ya faɗi ƙasa da mizanin da aka gindaya za a ba shi gargaɗi, in bai gyara ba a sallame shi. Ƙa'ida kuma ita ce sai an halarci kashi 75 cikin ɗari na laccoci kafin a zauna jarrabawa. Satar amsa kuwa hukuncinta yakan kai ga kora.

Turanci da zama da jama'a

Ban da fannonin harsuna, da Turanci ake koyar da komai. Ɗalibin da ya fito daga sakandaren ƙauye, musamman wadda aka yi ta rufewa saboda tsaro, zai iya shafe makonnin farko yana jin rabin abin da malami ke faɗa. Maganinsa zama a sahun gaba, karanta darasi kafin a shiga, da shiga ajin bita da manyan ɗalibai da ƙungiyar ɗalibai Musulmi ke shiryawa. Ɗakin karatu na Abdullahi Fodiyo a buɗe yake ga duk mai katin makaranta. Kunyar tambaya ta fi ƙarancin Turanci illa.

A ɗaki ɗaya ana iya haɗa Bagobiri da Bazazzagi da Banufe da Bayarabe daga Ilorin. Za a tsokani Bagobirin kan "lahiya" da "tahiya", wataƙila har da tsagar fuska, Bayarabe kuwa dama abokin wasan Bagobiri ne tun kaka da kakanni. Ƙungiyar ɗaliban ƙaramar hukuma tana da amfani a makon farko, domin su suka san wane ofis ake fara shiga. Sai dai wanda ya tsaya cikin 'yan garinsu kaɗai har ya gama, ya bar rabin abin da ya je nema.

Hanya da hutu

Kalandar jami'a ba ta cika tafiya daidai ba. Yajin aikin ƙungiyar malamai ta ASUU na 2022 ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, ambaliyar 2010 kuma ta karya gadar da ke kai wa makaranta. Don haka kada iyaye su ƙayyade ranar gamawa kamar ranar biki.

Hanyar da ta bi ta Goronyo zuwa Sabon Birni da Isa ta sha fama da 'yan bindiga a shekarun nan. Ɗalibi ya rage yawan zuwa gida a tsakiyar zango, ya tashi da safe daga tasha, ya tambayi direbobi halin hanya kafin ya hau, ya kuma sanar da gida motar da ya shiga. Ainihin takardun makaranta ba abin yawo da su ba ne a kan wannan hanya. A ɗauki hoton kowace ɗaya a waya, a tura kwafi ga wani amintacce a Sakkwato, kafin ranar tafiya ta farko.