Farashin da Ke Hawa Kana Kallo

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai haja a Kasuwar Kurmi ko Kantin Kwari ya san yadda al'adar ciniki take tun kaka da kakanni: mai kaya ya sa suna, mai saye ya taya, a ce masa albarka, ya ƙara, ya juya kamar zai tafi, a kira shi, har a kai ga sallamawa. A cikin wannan kai da komo duka, abin da mai saye yake riƙe da shi, wanda ya fi kuɗin aljihunsa daraja, shi ne lokaci, domin yana da ikon ya tafi ya kwana da shawara ya komo gobe. To, masu kasuwanci ta intanet sun daɗe da fahimtar cewa wannan jinkiri shi ne babban abokin gabarsu, saboda haka galibin dabarunsu, in aka yi musu duban basira, an gina su ne a kan raba mutum da natsuwarsa.

Daga cikin waɗannan dabaru akwai wadda ta yi tashe a wurin masu sayar da manhajoji da littattafan kwamfuta da darussan koyon sana'a, musamman a Amurka, inda suka laƙaba mata sunan 'yar ƙaramar tsabar kuɗinsu ta santi 10. Yadda take shi ne, mai kaya ya buɗe ciniki da farashi mai rahusa, a misali dala 7, sa'an nan ya umarci na'ura ta riƙa ƙara santi 10 duk lokacin da wani ya saya, ta yadda mutum na 100 zai biya kusan dala 17 a kan abin da na farko ya samu a 7. Kuma a gefe ga agogo yana ƙirga daƙiƙu, ga rubutu yana cewa saura mutum ɗaya farashi ya hau.

Mai karatu zai ce ai wannan gwanjo ne. Akwai bambanci. A gwanjo rago ɗaya ne mutum goma suke nema, tilas kuɗinsa ya tashi. Amma littafin da ke cikin kwamfuta, ko mutum dubu suka saya, bai ragu da ko harafi ɗaya ba, don haka ƙarancin da ake tsoratar da mai saye da shi, mai kayan ne ya ƙaga shi da hannunsa. Dalilin da ya sa dabarar take ci kuwa, wasu malaman halayyar ɗan Adam biyu, Daniel Kahneman da Amos Tversky, sun bayyana shi tun 1979, inda suka nuna cewa zafin hasara ya fi daɗin riba ƙarfi a zuciyar mutum, ko da gwargwadonsu ɗaya ne. Wanda ya ga farashi yana hawa a gabansa ya daina tambayar ko yana bukatar abin, hankalinsa ya koma kan santi 10 da za ta kuɓuce masa, ga kuma zaton cewa jama'ar da ke rububi ba za su taru a kan banza ba.

Malamanmu na fikihu ba baƙin wannan mas'ala ba ne. Sun halatta cinikin muzayada, wato wa zai ƙara, amma sun haramta najashi, shi ne mutum ya ƙara wa kaya kuɗi alhali ba ya nufin saye, don kawai ya ruɗi wani, kuma hanin yana nan cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik, kamar yadda Risala ta hana algus da yaudara a cikin ciniki. A ganina, in ƙirgen gaskiya ne, kuma an sanar da sharaɗin tun farko, babu zalunci a ciki, ko da yake akwai matsi. Sai dai wa ya ga cikin na'urar? A farkon 2023 hukumomin Tarayyar Turai suka ba da sakamakon binciken kantunan intanet 399, suka tarar 148 suna amfani da wata hanyar ruɗi, 42 daga ciki agogonsu na ƙarya ne. Wannan najashi ne tsantsa, illa dai an ɗora wa na'ura aikin ɗan baranda.

Saura hanyar da ake bi a kawo mai saye bakin tarkon, nan ne kafofin sada zumunta suke shigowa. Facebook, wanda aka kafa a 2004, ya buɗe tsarin tallansa a 2007, kuma a 2023 kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram da WhatsApp, ya sami kusan dala biliyan 135, wadda kusan biliyan 132 a ciki daga talla ta fito. Abin da mai talla yake biya shi ne a zaɓar masa mutane bisa shekaru da gari da abin da suke yawan dubawa. Kuma duk sa'ad da ka ja allon wayarka, ana yin gwanjo cikin ƙiftawar ido tsakanin masu talla a kan wanda zai bayyana a gabanka. Shi ya sa takalmin da ka duba jiya ka fasa saye yake bin ka duk inda ka shiga. Darajar wannan bin diddigi ta fito sarari a 2021, da kamfanin Apple ya wajabta neman izinin mai waya kafin a bi sawunsa, Meta ta ƙiyasta abin zai jawo mata hasarar kimanin dala biliyan 10 a shekara ɗaya. A 2024 kuma hukumar kare masu saye ta Nijeriya ta ci tarar Meta dala miliyan 220 a kan yadda take sarrafa bayanan jama'a.

Ba zan ɓoye alherin da ke ciki ba, domin na gan shi. Matar aure da a da sai ta ɗora wa 'yarta faranti ta tura ta talla kwararo-kwararo, yau daga ɗakinta take ɗaukar hoton turaren wuta ko atamfa ta sa a WhatsApp, a aiko kuɗi, ɗan sahu ya kai kaya, yarinya kuwa tana makaranta. Abin da ke damuna shi ne dillalin wannan zamani, wanda yake yabon kaya kamar aboki ne mai nasiha, alhali yana da la'ada a kan kowane ciniki, wani lokaci rabin kuɗin ko fiye, bai kuwa faɗa ba. Dillalin kasuwa an san la'adarsa, an san ƙofar gidansa, in kaya ya fito da aibi a je a same shi. Shi kuwa agogon nan, akwai hanya mai sauƙi ta jarraba shi: mutum ya rufe shafin, ya buɗe shi gobe ta wayar wani. Sau da yawa zai tarar agogon ya sake ƙirga masa lokacin daga farko, kuma har yanzu saura mutum ɗaya.