Mota Ɗaya, Hali Daban-Daban: Ɗaukar Hoto A Hanyar Anka Zuwa Gummi

Uwargida, da wuya a ce ba ki taɓa shiga motar 'yan kai amarya ko ta masu zuwa barkar haihuwa ba. A da, gardamar cikin mota ba ta wuce ta wurin zama da ta inda za a ɗora kayan gara. Yanzu kuwa an sami ƙari, wato waya mai ɗaukar hoto. Masu bin hanyar da ta bar titin Gusau zuwa Sakkwato a Mayanci, ta shiga Anka garin Sarkin Zamfara, ta ratsa ƙasar Bukkuyum, ta wuce Ɗaki Takwas ta kai Gummi, sun san irin wannan gardama. Tafiya ce mai tsawo, kuma zo mu zauna, zo mu saɓa.

A kowace mota za ki tarar da mata kashi uku. Ta farko wayarta ba ta sauka daga hannu. Ta ɗauki gonakin dawa, ta ɗauki shanu, ta ɗauki gulbi in ya cika da damina, sannan ta juyo kan na cikin mota tana cewa, "Gwaggo, ɗan ɗago kai mana." Ta biyu da ta ga an ɗaga waya sai ta ja mayafi ta rufe fuska, wata saboda kunya, wata saboda maigida bai yarda ba, wata kuma tana bin malaman da suka ga barin hoto ya fi. Ta uku tana tsakani: hoto ɗaya take so, bayan an sauka an kintsa, don ta nuna wa waɗanda aka bari a gida.

Kada ki yi saurin ganin laifin ta farko. Gidaje nawa ne yau jikoki ba su san kamannin kakarsu ba, don babu wanda ya taɓa ɗaukar ta? Ita ce ke adana wa dangi tarihi. Matsalar ita ce sauƙin ɗauka ya kori neman izini. Kafin wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, sai an kira mai hoto, fim ɗinsa bai wuce ɗauka 36 ba, kuma sai an biya an wanke. Don haka sai an yi wanka, an gyara ɗauri, an tsaya, kowa ya san ana ɗaukar sa. Yau kuwa mace tana gyangyaɗi, ko tana shayar da jariri, ko iska ta zame mata mayafi, an riga an ɗauka. Kafin a kai Ɗaki Takwas hoton ya hau WhatsApp. Gaskiya ne wanda aka ɗora a allon da kowa ke gani yana ɓacewa bayan awa 24, amma duk wanda ya gani yana iya kwafe shi a wayarsa. Ke ma kin san abin da ke biyo baya idan dangin miji suka riga mai hoton ganin sa.

Bayan mutunci akwai tsaro, kuma a wannan yanki ba abin wasa ba ne. An shafe shekaru ana fama da 'yan bindiga a yammacin Zamfara. A watan Satumba na 2021 har layukan waya aka rufe a jihar baki ɗaya na wasu makonni, don a yanke hanyar da suke samun labari daga masu tsegunta musu. Wannan kaɗai ya ishe ki ki gane cewa labarin wanda ke kan hanya yana da daraja. Hoton da ya nuna allon gari, lambar mota, akwatunan amarya da sarƙar gwal a wuya, ya faɗi inda kuke, da abin da kuka ɗauko, da inda kuka dosa. Haka nan tsayar da direba a dokar daji don a ɗauki gada ko faɗuwar rana yana cinye hasken da kuke buƙata ku isa gari. Shingen jami'an tsaro kuwa ba wurin ɗaga waya ba ne ko kaɗan.

Akwai kuma haƙƙin waɗanda kuke wucewa. Lokacin da ambaliya ta rusa gidaje a Gummi a watan Agusta na 2024, hotuna sun taimaka wajen sanar da duniya halin da ake ciki. Amma matar da ke zaune a kan ɓaraguzan ɗakinta, ko yarinyar da ke tallar gyaɗa a bakin titi, ba kayan kallo ba ne. Ki tambayi kanki: da 'yarki ce, za ki so baƙuwa ta ɗauke ta daga tagar mota ta watsa?

To, ina mafita? A yi magana tun kafin mota ta tashi, kuma babbar da ke cikin tafiyar ita ta fi dacewa ta buɗe ta, don ita ce ba za a musa wa ba. A amince cewa ba a ɗaukar kowa sai ta sani, wadda ta ce a'a kuma ba a tambayar ta dalili, ba a yi mata gorin ƙauyanci. Mai son ɗauka a bar mata gefen taga, ga gonaki ga gulbi, ta more. Hoton taro a bari sai an isa, an yi salla, an gyara jiki. Kada a ɗora komai a waya sai an dawo gida lafiya, sannan a nuna wa duk wadda ta fito a ciki kafin a tura wa wani. Idan 'yarki budurwa ce mai wayar, ki koya mata wannan tun a gida, kada sai a gaban mutane ki tsawata mata.

Fuskar abokiyar tafiya amana ce a hannunki, kamar jakarta da ta ba ki riƙo. Allah Ya tsare mana hanyoyinmu, Ya dawo da zaman lafiya Zamfara, Ya sa mu riƙa zuwa zumunci muna dawowa da farin ciki. Amin.