Me Ke Jawo Suma Yayin Bayar Da Jini Kafin Tiyata?

Gabatarwa

Idan likita ya sa ranar tiyata, sau da yawa yakan ce a tanadi jini. A asibitocinmu 'yan uwa ne ke miƙa hannu a ɗiba. Akwai kuma hanyar da majiyyacin da kansa yake bayar da jininsa makonni kafin aikin, a adana, a mayar masa in buƙata ta taso. Hanyar ta yi tashe a shekarun 1980 saboda tsoron cutar ƙanjamau, kodayake yanzu an rage amfani da ita. Ko wane ne ya bayar, matsalar da aka fi cin karo da ita ita ce jiri ko suma. Wannan maƙala za ta duba dalilan hakan.

Yadda Suman Ke Faruwa

Mutane kan ce jinin mutum ne ya ƙare. Ba haka ba ne. Leda ɗaya mililita 450 ce, alhali baligi na ɗauke da kimanin lita biyar. Abin da ke faruwa shi ne, wata jijiya da ta taso daga ƙwaƙwalwa, mai suna bagus, takan rage bugun zuciya, hanyoyin jini kuma su saki. Sai ƙarfin gudun jini ya faɗi, ƙwaƙwalwa ta rasa isasshen rabonta na ɗan lokaci. Alamun farko su ne gumi, hamma, tashin zuciya da ganin duhu.

Waɗanda Suka Fi Shiga Haɗari

Na farko, mai ƙaramin jiki. Mace mai nauyin kilo 50 tana da jini lita uku da 'yan kai, don haka leda ɗaya kusan kashi 14 cikin 100 ce ta jininta. Namiji mai kilo 80 kuwa kashi 8 kacal ya bayar. Wannan na daga cikin dalilan da mata suka fi maza suma, kuma shi ya sa ba a karɓar gudummawar jinin wanda bai kai kilo 50 ba.

Na biyu, matashi da sabon shiga. Abin mamaki, samari da 'yan mata sun fi dattawa saurin suma. Wanda bai taɓa bayarwa ba kuma fargaba ke cin sa, ganin allura kaɗai na iya kayar da shi. Haka ma wanda ya taɓa suma a baya.

Na uku, halin da aka zo da shi: yunwa, ƙishirwa, rashin barci, zafin rana da doguwar tsayuwa a layi. Saboda haka mai azumi ya bari sai ya sha ruwa.

Majiyyaci mai jiran tiyata yana da ƙarin haɗari. Ana iya ɗibar jininsa fiye da sau ɗaya, mako bayan mako, ga damuwar aikin a ransa. In yana da ciwon zuciya ko yana shan maganin hawan jini, jikinsa ba ya saurin farfaɗowa. Shi ya sa ake auna ƙarfin jininsa kowane zuwa, kuma ɗiba ta ƙarshe ba ta gaza kwana uku kafin aikin.

Rigakafi

A yi barci sosai, a ci abinci, a sha ruwa kamar rabin lita kafin ɗiba. Yayin ɗibar a riƙa ɗaure naman cinyoyi ana sakewa. Bayan an gama a huta minti 15, kada a miƙe zumbur, kada a hau babur nan take. Wanda ya suma a kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa, kada a ɗura masa ruwa sai ya farfaɗo sarai.

Kammalawa

Galibi suman ba ya wuce 'yan daƙiƙoƙi. Faɗuwar da ke biyo shi ce ke jawo rauni. Don haka kada kunya ta hana mutum faɗa wa ma'aikacin lafiya cewa yana jin tsoro, ko bai karya ba, ko ya taɓa suma. Hausawa na cewa mai ɓoye ciwonsa, ciwo zai ɓoye shi.