Saƙon da Ya Iya Kwana a Zango

Ran Alhamis, 14 ga watan Maris na shekarar 2024, ana cikin kwanakin farko na azumin Ramadan, na tsaya gaban wani yaro mai sana'ar POS a bakin kasuwa domin in ciri kuɗin cefanen buɗa-baki. Ya soka katina a na'urarsa, ya ɗaga ta sama kamar mai neman alƙibla, ya girgiza ta, ya sake sokawa, daga bisani ya miƙo mini abina yana cewa, "Baba, yau dai sai haƙuri, sabis ya ɗauke." Sai can da dare labari ya bazu cewa manyan wayoyi huɗu da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku sun lalace daura da gaɓar Kwaddibuwa, har al'amuran bankuna da na ofisoshi suka rikice daga Laberiya zuwa Gana da Nijeriya. Tsinkewar waya ba ta ba ni mamaki ba, gama duk abin da hannun ɗan Adam ya ɗaura yana iya tsinkewa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, wasiƙar da aka ba direban mota takan kwana a tasha idan gada ta karye, ta wuce bayan an gyara, amma saƙon wannan na'ura, da ya iske hanya a rufe, nan take ya mutu.

Wannan hali kuwa yana da asali. Tun daga daren 29 ga Oktoba, 1969, sa'ad da wani ɗalibi a Jami'ar Kalifoniya ta Los Anjalis ya yi niyyar aika kalma guda zuwa Cibiyar Bincike ta Stanford, haruffa biyu kaɗai suka isa kafin na'urar ta tsaya, har zuwa 1974 da Vint Cerf da Bob Kahn suka wallafa ƙa'idar da daga baya ta zama TCP/IP, wadda aka ɗora sadarwar a kanta ranar 1 ga Janairu, 1983, magina intanet sun yi aikinsu ne bisa wani sharaɗi da ba su ga bukatar jayayya a kansa ba, wato cewa a kowane lokaci akwai hanya buɗe daga mai aikawa har zuwa ga mai karɓa. Na'ura takan yi wa 'yar'uwarta sallama, a amsa mata, ta amsa amsar, sa'an nan ta soma aika saƙo ƙunshi-ƙunshi, tana sauraron shaidar isar kowanne. In ta ji shiru ta maimaita, in shirun ya yi tsawo ta fid da rai. Na'urorin da ke tsakani kuwa aikinsu miƙawa ne kawai, abin da suka kasa miƙawa sai su zubar. Tsari ne mai hikima ƙwarai, ya kuma ɗauki duniya shekaru arba'in da ɗoriya, sai dai an yanka shi ne daidai jikin jami'o'in Amurka, inda wuta ba ta ɗaukewa, waya kuma ba ta cika tsinkewa ba.

Abin sha'awa, masu binciken sararin samaniya na cikin waɗanda suka fara cin karo da iyakar wannan sharaɗi. Saƙo daga nan zuwa duniyar Mars, ko da yake yana tafiya da saurin haske, yana cin tsakanin minti 3 zuwa 22 gwargwadon nisan da ke tsakani a lokacin, kuma duniyoyin suna juyawa, tashar da ke kallon kumbo yanzu an jima ta ba shi baya. Wanda ya ce sai an amsa masa sallama kafin ya faɗi abin da ke tafe da shi, to ba zai taɓa faɗa ba. Saboda haka a 1998 Cerf ɗin nan da kansa ya haɗa kai da injiniyoyin hukumar NASA suna neman wata ƙa'ida, a 2003 kuma wani masani mai suna Kevin Fall ya nuna cewa illar ba ta sama kaɗai ba ce, ta shafi duk wani wuri a doron ƙasa da sadarwa ke zuwa tana yankewa. Abin da suka fito da shi ana iya kiransa sadarwa mai jure jinkiri: a ɗaure saƙo cikin dami guda, a rubuta masa inda za shi da wa'adin da zai rayu, kowace tasha ta karɓe shi ta ajiye, sa'a guda ko kwana bakwai, har hanya ta buɗe zuwa tasha ta gaba. An jarraba shi a 2008 da wani kumbo da ke nisan mil miliyan 20 daga duniya, tun 2016 kuma ana amfani da shi a Tashar Sararin Samaniya ta Ƙasa da Ƙasa.

Duk Bahaushen da ya ji wannan bayani zai ce ai wannan zango ne. Fataken da suka riƙa tafiya Gwanja sayen goro ba su taɓa sharɗanta cewa sai hanya ta buɗe tun daga Kano har ƙasar Asante kafin su ɗaura wa jaki kaya ba. Madugu yakan kai ayari zango, a sauke, a ji labarin gaba, in kogi ya cika a jira ya janye. An ma gwada irin wannan dabara a ƙasa tun da wuri: a farkon shekarun 2000 an ɗaura wa motocin haya a ƙauyukan Indiya da babura a arewa maso gabashin Kambodiya 'yan na'urori, in abin hawa ya ratsa ƙauye ya kwashi wasiƙun da ke jira a kwamfutar makaranta ko ta ofis, ya sauke waɗanda ya kawo, in ya shiga gari ya zuba su a intanet. Mu ma a nan ba mu jira izinin kowa ba. A je rumfar mai cajin waya a kowace kasuwar ƙauye, za a tarar da shi da tsohuwar kwamfuta cike da karatun tafsiri da finafinai da wa'azi, wanda wani ya sauko da su a birni sau ɗaya tak, mutum ya miƙa memorinsa da 'yan canjinsa a tura masa, shi kuma da yamma ya tura wa abokai biyar ta Xender ba tare da an taɓa data ba.

Wannan rumfa ta kai mu ga mas'ala ta biyu, wadda a ganina ta fi ta farko zurfi. Mai zuwa wurin mai tura fayil suna yake ambata, ya ce a ba shi tafsirin malam wane na bana; bai damu da ko daga wace na'ura a wace ƙasa aka fara ɗauko shi ba. Intanet kuwa adireshi ta sani: dole a fara gano inda abin yake, a ƙulla zance da wannan wuri, ko da kwafinsa na cikin wayar maƙwabcinka. Van Jacobson, ɗaya daga cikin dattawan wannan fanni, ya yi wata lacca a 2006 yana kira da a juya al'amarin, daga 2010 kuma aka kafa babban shirin bincike a kai ƙarƙashin jagorancin Farfesa Lixia Zhang ta jami'ar nan ta Los Anjalis: a riƙa neman bayani da sunansa, duk na'urar da ke riƙe da kwafi a kusa ta bayar. Nan da nan mai hankali zai tambaya, to ta yaya za a san ba a yi masa tahrifi a hanya ba? Jawabinsu shi ne, kowane ƙunshi yana ɗauke da hatimin lissafi na wanda ya samar da shi, wanda in aka sauya ko harafi ɗaya ba zai ƙara dacewa ba. Malamanmu sun daɗe da sanin wannan usuli, domin ɗalibin da ya sami littafin hannu yakan duba ƙarshensa ya ga sunan marubuci da na mai kwafi, ya nemi ijaza da isnadi, kuma ba ya tambayar a kan raƙumin wa aka kawo shi.

Akwai wasu fagage da dama da ba zan tsawaita a kansu ba. Tun 2008 masana a Stanford suka fito da hanyar sarrafa na'urorin miƙa saƙo daga manhaja guda, wadda manyan kamfanoni suka riga suka runguma. Ƙasar Sin ta harba tauraron Micius a 2016 domin rarraba mabuɗan sirri ta ƙwayoyin haske, waɗanda duk wanda ya leƙa su sai ya bar alama. Taurarin Starlink, masu shawagi kimanin kilomita 550 a sama, sun fara aiki a Nijeriya a Janairun 2023. Duk waɗannan alheri ne, sai dai na ƙarshen ƙarin hanya ne ga mai halin biya, kuma makiyayin da ke dajin Damargu ko malamar asibitin ƙauye da ke son aika sakamakon gwaji zuwa birni sun fi bukatar saƙo mai haƙuri, wanda zai bi duk abin hawan da ya samu.

Sai dai in saƙo zai kwana a hannun wani, mas'alar amana ta taso ke nan. Wa zai biya kuɗin rumbun da aka ajiye shi? In rumbun ya cika, damin wa za a fara zubarwa, na likita ko na mai fim? Kuma in ya ɓace, a wuyan wa yake? Fukaha'unmu na mazhabar Malikiyya sun yi bayanin wadi'a tun a Risala ta Ibnu Abi Zaid, cewa wanda aka ba ajiya ba ya lamuni sai in ya yi ta'addi a kanta. Injiniyoyin sadarwa mai jure jinkiri ma sun taɓa shigar da wani abu mai kama da haka cikin ƙa'idar da suka fitar a 2007, inda tasha za ta iya shelanta cewa ta karɓi riƙon dami, nauyinsa ya sauka daga kan wadda ta miƙo ya hau kanta. Da aka zo sabunta ƙa'idar a Janairun 2022, bayan doguwar muhawara, sai aka cire wannan babi daga matanin, aka bar shi a matsayin ƙari da za a tsara daban.