Rabin Magana Ya Ishi Mai Hankali

Wanda ya duba sunayen littattafan Hausa zai ga yadda marubutanmu ke jin daɗin yanke magana a tsakiya. Bilkisu Funtuwa ta sa wa littafinta Allura Cikin Ruwa, ta tsaya nan, don ta san kowane Bahaushe zai ƙarasa da kansa cewa mai rabo ka ɗauka. Balaraba Ramat Yakubu ma, a Alhaki Kuykuyo Ne na 1990, ta bar wa mai karatu ya tuna wanda kwikwiyon yake bi. Tun 1934 ake sa wa littafi karin magana a matsayin suna, kamar Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East. A ganina nan ne asirin gajeriyar magana ta hikima yake: mai faɗa ya kawo rabi, mai ji ya cika, sai maganar ta zama tasu su biyu.

Malaman adabi, irin su Abdulƙadir Ɗangambo, sun kasa waɗannan zantuka gida-gida. Karin magana na kowa ne. Kirari yabo ne a dunƙule, na ɗan dambe ko mafarauci ko gari. Zambo aikin maroƙa ne, sukan siffanta mutum da muninsa har kowa ya gane shi. Baƙar magana kuwa amsa ce da ke rufe bakin mai tambaya nan take.

Habaici ya fi su ɗaukar hankalina. Mace na daka a tsakar gida, tana sakin magana kamar da turmi take yi, kishiya na ɗaki tana ji. Ba a ambaci sunan kowa ba. In ta tanka ta amsa laifi, in ta yi shiru maganar ta zauna mata a rai, domin mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Da haka ake faɗin abin da kunya ko tsoro suka hana a faɗa ƙiri-ƙiri, kuma zaman gida bai watse ba.

Akwai kuma karin magana mai gaɓa biyu, wanda ya fi kowanne ban dariya. Gaɓar farko magana ce ta yau da kullum, ta biyu ta kawo yanayin da ba a zata ba: abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Ko kuwa: sabon salo, kiran salla da usur. Usur baƙo ne a ƙasar Hausa, shigowarsa cikin karin magana shaida ce cewa ba a daina ƙirƙira ba.

Tattara karin magana a littafi kam an yi. Merrick ya buga nasa a 1905, Kirk-Greene ya fitar da guda 500 a 1966, Yusufu Yunusa ya kawo Hausa a Dunƙule a 1977. Abin da ke damuna shi ne yadda ake koyarwa. A ba yaro jeri ya haddace, ranar jarrabawa a ce ya cike gurbi, amma ba a taɓa nuna masa wa ake faɗa wa ba, a wane hali, ko gaban wa ya kamata ya kame bakinsa. Gara malami ya karanta wa ɗalibai labari ɗaya daga Magana Jari Ce, ya tsaya duk inda aku mai ba da labarin ya jefa karin magana, ya tambaye su me ya sa ya zaɓi wannan, kuma wa yake nufi.