Sayen ƙulli-ƙulli yana cinye kuɗin gida

A Falanko, yawancinmu kullum muke sayen kayan miya: gishirin dala biyar, tattasan dala goma. Ƙullin ƙarami ne, amma mai tebur yana cin riba a kan kowane ɗaya.

Mu haɗa kuɗi, gida uku ko huɗu. Mu aiki mutum guda kasuwar Tanut, ya sayo da tiya, mu raba. Kuɗin mota ma ɗaya ne. Busasshen tumatir, kuɓewa da daudawar batso suna daɗewa ba su lalace ba.

Wake da kaka yake araha. Mu shanya shi sosai, mu cika jarka, mu toshe bakinta. Idan iska ba ta shiga, ƙwari mutuwa suke.

Gishiri kuwa, mu nemi mai iyode ko da ya fi tsada. Yana hana maƙoƙo.